Tara sadakar Kirsimeti a talabijin, taimako ne ko riya?

Kawu, Manchester: Jama'a ni fa abin nan ya tsaya min a rai. Tun Nuwamba in ka kunna talabijin a Ingila sai roƙon kuɗi, a hasko fuskar yaro marar lafiya, a saka kiɗan ban tausayi, lambar waya na yawo a ƙasan allo. Ni dai a wurina riya ce da tonon asirin mabukaci.

Anti mai aikin jinya: Kawu a yi min afuwa amma ban yarda ba. BBC tun ranar Kirsimeti ta 1927 ta fara wannan roƙon a rediyo domin yara, a 1980 ya koma shirin talabijin na Children in Need, kuma ni da idona na ga wata uwa ta fashe da kuka ranar da aka kawo wa ɗanta keken guragu da kuɗin irin wannan gidauniya, ita ina ruwanta da niyyar wanda ya bayar?

Ɗalibi, Leeds: Kawu ai ko a Baƙara aya ta 271 an ce bayyana sadaka abu ne mai kyau, ɓoyewa ce dai ta fi. Kuma in mai biyan haraji ya ba ƙungiyar agaji sadaka ya cike fom ɗin da ake kira Gift Aid, gwamnati na ƙara kwabo 25 a kan kowane fam ɗaya, wanda ka miƙa a ɓoye hannu da hannu ba ya samun wannan ƙarin.

Kawu: To ɗana na ji. Amma fuskar yaron fa? Gobe zai girma ya tarar da hotonsa a intanet.

Anti: Wannan kam kana da gaskiya, ni ma ba na so. Amma wallahi abin da ya fi ci min rai daban ne. A Disamba 'yan ƙungiyar agajin Kiristoci ta Salvation Army na busa ƙaho a ƙofar kantuna, bokiti na cika, ƙungiyar Crisis na ba marasa gida abinci da wurin fakewa, ranar Kirsimeti ƙarfe 3 na rana kowa ya zauna jin jawabin Sarkin Ingila. Da Janairu ya shigo sai tsit, alhali lokacin ne sanyi ke ratsa ƙashi. Akwai dattijon da ke kwana a tashar bas ɗinmu, ranar Kirsimeti na gan shi da bargo uku da ledojin abinci, a Fabrairu kofin gabansa wayam.

Kawu: Subhanallahi. Har yanzu yana nan?

Anti: Yana nan Kawu, da asubar nan ma na wuce shi.

Kawu: Turo min sunan tashar, ina da rigar sanyi biyu a mota.