Yaro ya bi hanya amma amsa ta fita a karkace: ina aljabra take kayar da ɗalibai?

Uwar ɗalibi, Gangare

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Don Allah a duba mini wannan aikin na yaron SS1. An ba shi tagwayen ikweshin:

3x + 2y = 16
3x − y = 1

Ya debe na biyu daga na farko yadda aka koya musu, ya samu y = 15, x kuma −14/3. Ya ce har gwadawa ya yi amsar ta zauna, amma malami ya ja masa jan biro. Rabin littafinsa haka yake, farkon aiki lafiya, ƙarshe ba labari. Masu koyarwa, a wace gaɓa yara suke faɗuwa, kuma da me kuke gyarawa?

Malamin lissafi, Unguwar Rogo

Wa alaikumus salam Hajiya. Hanyar da ya ɗauka ba laifi, alama ce ta kayar da shi. Idan za a debe −y daga 2y, abin da ke gabanmu shi ne 2y − (−y), wato 3y. Shi kuwa ya ga 2y ga y, ya debe kawai ya samu y guda. Da ya yi daidai zai samu 3y = 15, y = 5, sannan 3x + 10 = 16, x = 2.

Maganar gwajin ce ma ta fi jan hankalina. Ya samo x daga ikweshin na farko, sai ya koma ya gwada a na farkon. Ai dole ta zauna, tun da daga nan ta fito. Kamar a tambayi mai tumatir ne ko kayansa na yau ne. Da ya sa a na biyu zai ga 3 sau −14/3 ya ba da −14, a debe 15 ya zama −29, alhali 1 ake nema. A tagwayen ikweshin, gwaji yana kan wanda ba a yi amfani da shi a matakin ƙarshe ba.

Kuma ki gaya masa, in lambobin tambaya ƙanana ne masu kyau amma amsa ta fito da guntu irin −14/3, ya dakata ya sake dubawa. Ana samun amsa mai guntu, amma a wannan aji yawanci ƙararrawa ce.

Anti mai lesin, Rikkos

Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ciwon ya girmi SS1. Tun JSS1 yake farawa, ranar da aka haddace wa yara "mainos da mainos fulos" kamar waƙa, ba a gaya musu a ina dokar take aiki ba. Ki ba shi −3 − 5 yau ki gani. Da yawa 8 za su rubuta, wasu 2, amsa kuwa −8 ce. Dokar nan ta ninkawa ce da rabawa, da kuma inda alamu biyu suka haɗu kai da kai kamar 4 − (−6). A −3 − 5 babu alamu biyu da suka haɗu, kowace tana kan lambarta.

Abin da ke shiga kan yaro da sauri shi ne bashi. Mai shago yana bin ka naira 300, ka ƙara karɓar kayan 500, yanzu 800 ake bin ka: −3 − 5 = −8. Ana bin ka 700 ka kawo 1,000, canjinka 300: −7 + 10 = 3. Debe lamba mai mainos kuwa yafe bashi ne. Wanda aka yafe wa bashin 600 ya samu ƙarin 600, ko da ba a miƙa masa ko sisi ba. Shi ke nan 4 − (−6) = 10.

A zana layin lambobi daga −10 zuwa 10 a bangon littafinsa na ciki, ya riƙa bi da yatsa. Tambaya goma kullum, minti biyar, kafin a taɓa x da y. Mako biyu ana ganin bambanci.

Kalkuleta kuma a yi hattara. In ya danna −3² zai samu −9, in ya danna (−3)² zai samu 9. Duk biyun daidai ne, tambayoyin ne daban. Yaro yana sa x = −3 a cikin x² ba baka, na'ura ta ba shi −9, ya kwafa da ƙarfin gwiwa.

Malamin JSS, Nasarawa Gwom

Ni abin da nake yaƙi da shi shi ne "in ta tsallake ta canza alama". Ga irin 'ya'yan da wannan magana take haifarwa a 3x = 12: wani ya rubuta x = 12 − 3 = 9, wani ya rubuta x = 12/−3 = −4, don an ce masa duk abin da ya tsallake sai ya canza. Babu abin da ke tsallakewa. Ikweshin sikeli ne irin na mai nama, abin da ka yi wa wannan gefe ka yi wa wancan. 3 tana ninka x, to a raba gefe biyu da 3.

A tilasta masa rubuta aikin a gefen kowane layi. Misali 5 − 2x = 11. Debe 5 daga kowane gefe, saura −2x = 6. Raba da −2, x = −3. A nan ne da yawa suke yar da mainos ɗin gaban 2x saboda 5 ta tafi, su rubuta 2x = 6. Alamar ta 2x ce, ba ta 5 ba. Bayan hannu ya faɗa, ya gajarta yadda yake so.

Malamin Islamiyya, Dilimi

Ƙarin haske kaɗan kan sikelin Malam. Sunan aljabra kansa daga littafin Al-Khawarizmi ya fito, wanda ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, zamanin Halifa Ma'amun. Jabru a Larabci gyara abin da ya karye ne, har ɗorin ƙashi da shi ake kira. A lissafi shi ne ka cike gefen da aka debe wa wani abu, ka ƙara irinsa a ɗaya gefen. Babu x babu y a littafin, da kalmomi aka yi komai, abin da ake nema kuma "shai'u" yake ce masa, wato abu. Babban kaso na littafin kan rabon gado ne da wasiyya. Yaran da ke ganin abin na Turawa ne sukan saki jiki in sun ji haka.

Ɗalibin jami'a, Titin Bauchi

Mama, ga dabarar da ke rage asara: kada ya debe ikweshin daga ikweshin sam, ya riƙa tarawa. A tambayar nan alamun y sun riga sun saɓa, ɗaya +2y ɗaya −y. Ya ninka na biyu da 2 ya samu 6x − 2y = 2, ya tara da na farko, y ta mutu, saura 9x = 18, x = 2. In kuma alamun iri ɗaya ne, ya ninka layi ɗaya gaba ɗaya da −1, ya rubuta sabon layin a fili, sannan ya tara.

Tarkon wannan hanya ɗaya ne: mantawa da gefen dama. Sai ka ga 6x − 2y = 1, an ninka hagu an bar dama, a ƙare da 9x = 17.

Anti mai lesin, Rikkos

Ƙanena, dabararka tana ceton maki, amma kada ta zama hanyar gudu. Yaron da ba ya iya 2y − (−y) zai sake haɗuwa da ita a buɗe baka, kuma can babu mafaka. Gwada shi da 10 − 2(x − 3) = 4. Daidai shi ne 10 − 2x + 6 = 4, x = 6. Mai ciwon alama zai rubuta −6 ya samu x = 0. Wani ma 10 − 2 zai fara yi ya samu 8(x − 3), ya ƙare a 3.5.

Haka a hanyar maye gurbi. Daga na biyu y = 3x − 1, a sa a na farko: 3x + 2(3x − 1) = 16. In bai sa baka ba, 6x − 1 zai rubuta maimakon 6x − 2. Ni ina ce musu su ɗauki maye gurbi ne kawai in akwai harafin da yake shi kaɗai ba lamba a gabansa. In duka suna da lamba, kamar 3x + 4y da 5x − 2y, guntaye za su cika takarda, gara a kashe harafi ɗaya.

Tsohon malami, Bukuru

Duk kun tsaya kan warwarewa. Inda maki yake zuba da yawa shi ne kafin a fara, wurin juya labari ya zama ikweshin.

A ce keke mai taya uku da ƙananan motoci 20 ne a tasha, tayoyinsu 68. Yaro zai rubuta k = keke, m = mota. Tun nan ya ɓata. Harafi ba abu ba ne, adadi ne: k yawan kekuna, m yawan motoci. In ya rubuta haka da cikakkiyar jimla, sauran yana zuwa da kansa. Ƙirgen ababen hawa k + m = 20, ƙirgen tayoyi 3k + 4m = 68. Ninka na farko da 3, 3k + 3m = 60, bambanci m = 8, k = 12. Gwaji da labarin kansa: tayoyi 36 da 32, jimla 68. Wanda ya samu keke 12.5 ko mota −4 ya san ba a nan tashar take ba.

Sai Turancin tambaya. "5 less than x" x − 5 ne, amma yaro yana bin kalmomi daga hagu zuwa dama ya rubuta 5 − x. A sa ya faɗi jimlar da Hausa tukuna: abin da ya gaza x da biyar. A sa masa 20 a madadin x, zai ce 15 nan take, sai ya ga wanne aka debe daga wanne.

Tambayar shekaru ma haka. Uba ya ninka ɗansa sau 3, nan da shekara 12 zai ninka shi sau 2. Yara sukan ƙara wa ɗan 12 su bar uban, kamar shi ba ya tsufa. In x shekarun ɗan ne, 3x + 12 = 2(x + 12), x = 12, uba 36. Bayan shekara 12, 48 da 24.

Da lambobi masu bin juna. Mara uku a jere jimlarsu 57. Jin an ce mara, sai su rubuta n, n + 1, n + 3. Tazarar mara da mara 2 ce, daidai da ta cika da cika. 3n + 6 = 57, n = 17, wato 17, 19, 21.

Hajiya, a takardar rubutu ta WAEC da NECO ana ba da makin hanya daban da makin amsa. Wanda ya kafa ikweshin daidai, ya nuna matakai, ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe, zai tafi da wani abu. Wanda ya rubuta amsa tsirara ba aiki yana iya rasa duka. Saboda haka ya daina yin aiki a bayan takardar tambaya yana kwafo amsa kawai.

Ɗalibin jami'a, Titin Bauchi

Gaskiya ne Baba. JAMB kuwa akasin haka ce, ba mai ganin aikinka, zaɓi huɗu ne a kwamfuta. Wani lokaci sa zaɓin cikin ikweshin biyun ya fi warwarewa sauri. Amma biyun fa, don zaɓin ƙarya yakan zauna a ɗaya.

Wani abu da ke firgita yara: haruffa duka su ɓace. 2x + 4y = 10 da x + 2y = 7, in ka ninka na biyu da 2 ka debe, 0 = −4 za ka samu. Ba kuskurenka ba ne, ba amsa ne, layuka biyu ne da ba sa haɗuwa. In da 5 ce a wurin 7, 0 = 0 zai fito, ikweshin ɗaya ne aka rubuta sau biyu.

Uwar ɗalibi, Gangare

Allah ya saka da alheri. Ya gyara na farkon, ya gwada a na biyu, ya zauna. Ga wani kuma da ya maƙale: (x + 1)/2 − (x − 2)/3 = 2. Ya ninka da 6 ya rubuta 3x + 3 − 2x − 4 = 2, ya samu x = 3.

Malamin lissafi, Unguwar Rogo

Kuskure biyu ne a layi ɗaya, Hajiya. Bai ninka 2 ta dama da 6 ba, 12 ya kamata ta zama. Sannan ya tsallake layin baka. Layin raba yana riƙe duk abin da ke samansa kamar baka, don haka ya fara rubuta 3(x + 1) − 2(x − 2) = 12, sannan ya buɗe. −2 sau −2 zai ba shi +4. Kada ki gaya masa amsa. In ya samu, ya mayar cikin tambayar asali, guntun farko ya ba shi 3, na biyu ya ba shi 1.