Musayar Waƙa: Ido Ya Gani, Kunne Ya Ƙi

Tsohon Saje
Assalamu alaikum 'yan zaure. Oktoba ta kama, sai na tuna yaƙin Masar da Isra'ila na 1973. Ƙwar huɗu za mu yi, babban amsa-amo "ri". Mai ƙarfin gwiwa ya karɓa.

Da sunan Allah zan fara,
In ja zaren nan in ƙara,
Matasa ku matso ku saurara,
Zancenmu yau leƙen asiri.

Shida ga Oktoba ranar ce,
Goma ga azumi ta kasance,
Ƙarfe biyun rana, a taƙaice,
Masar ta haye Suwez da sauri.

Isra'ila ta gina ganuwa,
Ta rairayi, ta ce garkuwa,
Masar ta zo da mesar ruwa,
Ta narkar da ita, ga sarari.

Ba wai ba su ga ana shiri ba,
Ba wai ba a kai musu zance ba,
Sun gani da ido, ba su yarda ba,
Kunne ya toshe ga labari.

Bazazzagi
Baba Saje, na kama zare,
Amma tsakiya ka zo ka tare,
Farkonsa ka bar shi a ɗaure,
Sittin da bakwai ne mafari.

Biyar ga Yuni, tun da safe,
Jiragen Masar suna nan kafe,
Na Isra'ila ƙasa-ƙasa tafe,
Rada ba ta hango mai hari.

Sun san filin, sun san layi,
Sun san sa'ar da ake shan shayi,
Sun san sintirin asuba ya yi,
Kwana shida an gama al'amari.

Wannan nasara ta bugar da su,
Girman kai ya haye kansu,
Shekara shida ta dawo musu,
Raini ya zame musu haɗari.

'Yar Tudun Wada
Sai birnin ilimi! Yaya, ɗangon shayin nan ya biya ni.

Ɗan Ƙofar Mata
Bazazzagi ya haɗiyi littafi,
Yana amayo mana shafi-shafi,
Baba ya sha rana da zafi,
Kai ko a inuwa kake kuri.

In ilimi ne, tsaya in nuna,
Eli Zeira, riƙe wannan suna,
Shi ne kan ofishin da ke auna
Rahoton soja da nazari.

Ya ce Masar ba ta ja daga,
Sai ta sami jirage masu shiga
Can cikin ƙasa su yi raga-raga,
Sham ita kaɗai ba ta da shiri.

Sarki Husaini na Jodan ya je,
Ya ce wa Isra'ila ku duba waje,
Sham ta jawo dakaru ta baje,
Aka ce an ji, aka yi kuskure.

Malam Mai Aruli
Ɗana na Kano, tsaya. Saje ya kafa "ri", ka zo mana da "re". Kuskure ba ta amsa asiri. Gyara kafin wani ya ɗora a kai.

Ɗan Ƙofar Mata
Allah gafarta Malam, da gangan na yi. Baitin kuskure nake, na bar kalmar ta karya layi kamar yadda abin ya karya su.

Sarkin Yaƙin Fagge
Kano ta Dabo, tumbin giwa! Wannan ita ce gwaninta. Zagezagi ku koya.

'Yar Tudun Wada
Wace gwaninta? An kama shi ne ya nemi mafita. Da Malam bai yi magana ba da ko sani bai yi ba.

Malam Mai Aruli
Ɗana, waƙa tana da mizani,
Ba a fansar ɗango da bayani,
In ƙafa ta zo da rauni,
Ɗori ake yi, ba inkari.

Kun tafi nesa kun bar na kusa. Ga abin da malaman sira suka ruwaito a kan Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira:

An kamo masu ɗibar ruwa,
Aka ce Ƙuraishu nawa ke zuwa?
Suka ce yawansu ba ya ƙirguwa,
Manzo ya sauya musu tsari.

Ya ce raƙuma nawa suke soka?
Suka ce tara yau, gobe goma, haka,
Ya ce ɗari tara zuwa dubu duka,
Daga tukunya ya ciro labari.

Tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mai ɗibar ruwa bai san ƙirgen mayaƙa ba, amma ya san abin da ake dafawa. Tambayar ce aka iya.

Ɗan Azhar
Na shigo a makare, na tarar ana ta lissafa wautar Zeira kamar Masar zaune take ta tsinci dami a kala. A ba mai haƙƙi haƙƙinsa.

Sadat ya saba musu da atisaye,
Yau a taho, gobe a janye,
Har ido ya gaji da kewaye,
Ya ɗauki na gaske kamar na fari.

Jarida ta buga zancen Umra,
Hafsoshi su yi rajista su shirya,
Soja a gaɓa yana shan iska,
Gadoji na ɓoye cikin tsari.

Mesar da Baba ya ambata kuma dabarar wani injiniyan sojan Masar ce, Baƙi Zaki Yusuf. Famfunan daga Ingila da Jamus ta Yamma aka sayo su.

Malam Mai Aruli
Umra, shirya, iska. Wasali kaɗai ka riƙe, baƙin ya gudu. Zan ɗaga maka ƙafa don yau ka fara.

Uwar Biyu
Ku maza kun tsaya kan dabara,
Wa ya ci, wa ya yi hasara,
Ni tambayata uwa da yara,
Su ke biyan bashin haɗari.

Kolin Pawel ya ɗaga kwalba,
Gaban duniya, ba mu manta ba,
Ya ce Iraƙi na ɓoye guba,
Makaman ƙare dangi tari-tari.

Aka shiga Bagadaza aka tona,
Gida da rumbu, daji da gona,
Ba a sami abin da aka nuna,
An bar marayu cike da gari.

Na Sina'i kura suka ce kare,
Na Iraƙi inuwa suka tare,
Suka ce kura ce, a zo a kore,
Son zuciya ne duka mafari.

A ranar 5 ga Fabrairun 2003 Pawel, sakataren harkokin wajen Amurka a lokacin, ya yi jawabin nan a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Maris aka fara ruwan wuta. Ɗan Iraƙin da ke zaune a Jamus, wanda aka jingina zancen motocin haɗa ƙwayoyin cuta a kansa, da bakinsa ya amsa a 2011 cewa ƙarya ya shirya. Wa ya dawo wa matan nan da mazansu?

Bazazzagi
Hajiya, yanzu zan zo kanki, bari in sallami mutumin Kano.

Bakano na ji ka, ɗan kasuwa,
Ka sayo baiti mai karyewa,
Malam ya auna ya ga raguwa,
Koma Kurmi ka nemo ƙari.

Hajiya, yi haƙuri in ƙara,
Akwai inda kunne ya saurara,
Midwe, inda Japan ta yi hasara,
Yunin 1942, a tsibiri.

Amurka ta kwance saƙon gaba,
"AF" za su, ba a san ina ba,
Rochefort ya ce mu gwada mu duba,
Ya ɗana tarko da hanzari.

Aka sa Midwe ta faɗa a fili,
Injin tace ruwanmu ba hali,
Japan ta maimaita, ga dalili,
AF ba ruwa, an gane wuri.

Kwamanda Nimitz ya karɓi rahoto,
Bai ce ƙarya ba, bai tsaya zato,
Ya kai jiragensa suka yi kwanto,
Na Japan huɗu suka nutse a jeri.

Malam Mai Aruli
Inna lillahi. Yaro, rera min 1942 in ji. Dubu ɗaya da ɗari tara da arba'in da biyu, gaɓa goma sha shida ke nan, ka cusa a ɗangon da 'yan uwansa ba su wuce goma ko sha ɗaya ba. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Bazazzagi
Malam, a rubuce muke yi, ba a dandali ba. Ido ke karantawa.

Malam Mai Aruli
Waƙar da ba ta reruwa zube ce aka yanka gunduwa-gunduwa. Magabata sun sa shekaru a waƙa, amma da ramzi suke yi, su dunƙule lissafin cikin haruffa don kada kari ya karye.

Sarkin Yaƙin Fagge
Ɗazu wa ke dariyar Bakano? Namu harafi ɗaya ya zame, naku gaɓa goma sha shida.

'Yar Tudun Wada
Namu dai ya kawo shekara daidai. Malam ma ai "tara yau, gobe goma, haka" ɗinsa ya fi sauran tsawo, ba wanda ya tanka don girmansa.

Malam Mai Aruli
'Yata, ki rera shi da jan numfashi a kan "yau" ki ji ko ya zauna. Ba yawan gaɓa kaɗai ake dubawa ba, ana duba mai nauyi da mai sauƙi.

'Yar Tudun Wada
Na rera, Malam. Yana ɗingishi.

Ɗan Ƙofar Mata
Ku bar Malam ya huta, abokin karawata nake nema.

Bazazzagi, Kurmi ta fi ƙarfinka,
Can ake auna irin hajarka,
Ka bar Suwez ka gudu Amurka,
Dawo fage ka bar yawon gari.

Ashraf Marwan, surukin Nasar,
Na jikin Sadat a fadar Masar,
A Landan ya faɗa, daren biyar,
Ya ce gobe ne za a kai hari.

Ya ce faɗuwar rana za a fara,
Ƙarfe biyu wuta ta yi ƙara,
Awa huɗu tsakani, ku lura,
Gaskiya ya faɗa ko ko shiri?

Ɗan Azhar
Shiri ne. Mutumin Masar ne, ya ciyar da su abin da Alƙahira take so su ci, ya ba su sa'ar da ba ita ba. Da ya rasu a Landan a 2007, Mubarak da kansa ya shaide shi da kishin ƙasa.

Bazazzagi
Ustaz, wane mai yaudara ne zai kira shugaban Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, ya faɗa masa ranar? Da gargaɗin nan aka fara kiran sojojin ko-ta-kwana da safiyar Asabar, su ne suka je suka tare ɓarakar tuddan Golan. Ita kuwa sa'ar, daf da yaƙin aka daidaita ta, Sham tana son asuba, Masar tana son yamma, aka raba aka tsaya a ƙarfe biyu.

Ɗan Azhar
Kai littafin ɓangare ɗaya ka karanta.

Uwar Biyu
Kwana biyu ke nan. An yi faɗan harafi, an yi faɗan lamba, an yi faɗan suruki. Tambayata tana nan a ajiye.

Tsohon Saje
Ku gafarce ni, jiki ne ya motsa, sai yau na iya riƙe waya. Ɗan Azhar, ɗana, kada son Masar ya rufe maka sauran labarin.

Yaudara ta ba su kwanan farko,
Makamai masu linzami sun yi tarko,
Sha huɗu ga wata suka yi ƙarko,
Suka fita inuwarsu, sai haɗari.

Sharon na Isra'ila ya sami kafa tsakani,
Ya haye yamma, ba a yi tsammani,
Alƙahira ta raina bayani,
Runduna ta uku ta shiga ɗauri.

Ka ga ciwon da ya kama Zeira shi ya kama su bayan kwana goma, aka ce 'yan tankoki ne kawai suka ƙetare. A can kuma hukumar bincike ta Agranat ta ce a sauke Zeira da babban hafsan soja Elazar, Firaminista Golda Meir ta yi murabus a Afrilun 1974.

Hajiya, ba ni da amsar da za ta ishe ki, sai abin da na gani. Ba zan faɗi wuri ko sunan kowa ba.

Ina ƙaramin soja, muna daji,
Wata mai fura ta ce ku zo ku ji,
Na ga baƙin sawu, ba na soji,
A bakin rafi, sun yi jeri.

Na kai maganar gaban na sama,
Na ƙame, na sara, na yi sallama,
Ya ce zancen mata ne, koma,
Taswirarsa ba ta nuna haɗari.

Da asuba aka ce mu bi rafin nan,
Mu sha biyu muka ɗau hanyar nan,
Mu tara muka komo sansanin nan,
Uku ni na sa su a kabari.

Ɗayansu matarsa na da ciki,
Ni na kai mata jaka da kaki,
Ta dube ni ba ta buɗe baki,
Har yau idonta na bi na gari-gari.

Uwar Biyu
Allah ya ji ƙansu, ya raya abin da suka bari. Sannu Baba.

Malam Mai Aruli
Amin. Saje, waɗannan huɗun ba zan ɗora su a mizani ba.

Ɗan Ƙofar Mata
Amin summa amin. Na shirya wa Bazazzagi baitoci biyar a kan Sitalin, shugaban Tarayyar Sobiyat, da gargaɗin da ya ƙi ji kafin Jamus ta afka masa a Yunin 1941, amma na ajiye su sai gobe. Baba, ita mai furar, kun sake ganin ta?