Neman kalma: me za mu kira "model boat" da Hausa?

Maijidda:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Agaji nake nema, kuma lokaci ya ƙure min. Alhamis da safe zan naɗi shiri, Juma'a da daddare ya fita. Shirin a kan wani dattijo ne a nan cikin gari, tsohon kafinta, da yake ƙera ƙananan jiragen ruwa, yana kuma tayar da tsofaffin da suka lalace. Abin da Bature yake ce wa model boat. Me za mu kira shi?

Jiya na je gidansa. A soro ya ɗora wani a kan benci, tsawonsa ya kai kamu biyu. Ya ce a wajen 'yan gwanjo ya tsinto shi, irin kayan da Turawa suka bari. Gara ta cinye masa gefe guda, hunturu ya tsattsage sauran. Wata bakwai Baba ya yi a kansa. Da fasasshiyar kwalba ya kankare tsohon fentin, ya fere siraran katakon maɗaci ya dinga maye waɗanda suka ruɓe ɗaya bayan ɗaya, ya cike tsagogin da garin katako da gam. Ya ce in ɗaga, sai da na sa hannu biyu, saboda dalmar da take maƙale a ƙasansa, wadda ita take hana iska kifar da shi. Ni kuwa a takardata na riga na rubuta "jirgin wasa". Da na karanta masa sai ya yi shiru, can ya ce, "'Yata, wasa ne zai zaunar da ni wata bakwai?" Tun jiya maganar nan take damuna. Ba na so in maimaita ta a rediyo Kano duka tana ji.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Anti, samfurin jirgi. Kowa ya san samfur, ba sai kin yi dogon bayani ba.

Hajiya Tafinta:
A'a ɗana. Samfur a wajenku ƙyallen da ake nuna wa mai saye ne kafin a kawo dila. Duk wanda ya ji samfurin jirgi zai zaci manyan suna hanya, na Baba kuwa babu abin da yake biyo bayansa. Maijidda, gwada "kwatankwacin jirgi", ko ki taƙaita ki ce "jirgin kwatance". Na biyun ya fi sauƙi a baki, kuma ya hau layin jirgin ruwa, jirgin ƙasa, jirgin fito. Jam'i ba wahala, jiragen kwatance.

Auwalu:
Ɗan jirgi fa, Hajiya? Kamar ɗan akwati.

Hajiya Tafinta:
Ɗan jirgi yana iya zama mutum, kamar ɗan kasuwa. Kuma kwalekwale ma ai ɗan jirgi ne.

Injiniya:
Ina bayan Hajiya, ga dalilina. Sana'ar nan a kan awo ta tsaya. A Ingila tun ƙarni na 17 aka fara ƙera wa hukumar sojan ruwa irin waɗannan, yawanci a kan awon 1:48, wato kowane inci 1 a jikin ƙaramin yana madadin ƙafa 4 a jikin babban. Da yawansu suna hannun gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a Landan. Ba don yara aka yi su ba. Haka waɗanda aka gano a 1920 a kabarin Meketre, wani babban bafaden Fir'auna, kusa da Luksor a Masar, masu shekara wajen 4,000, da matuƙansu a zaune da komai, wasu suna Alƙahira wasu suna New York. Motar karan da muka yi muna yara da ido muke yin ta. Wannan da ma'auni ake yi, kuma kwatance ta riƙe wannan ma'anar.

Malam Na-Gwale:
Ku yi haƙuri in shigo. Shekara 31 ina koyar da Hausa, kuma abin da yake ci min tuwo a ƙwarya shi ne duk sanda aka nemi kalma sai mu bazama bin ma'anar Bature, mu manta harshen nan yana da nasa injin ƙira. Me Bahaushe ya kira surar da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye? Mutum-mutumi. Ya ninka kalmar, ma'ana ta zama mai kama da abu amma ba shi ba ne. Haka fari-fari, haka ja-ja. To, jirgi-jirgi. Gajeriya ce, tamu ce gaba da baya, yaro ɗan shekara 5 zai gane ta ba tare da an buɗe masa baki ba. Samfur Turanci ne aka lanƙwasa. Kwatance kuwa, in ka ambace ta a gaban Bakano, hanyar gidan wani yake jira ka faɗa masa.

Hajiya Tafinta:
Allah ya gafarta Malam, jam'in fa? In ka ce jirage-jirage ka koma nau'o'in jirage. Sannan ninkin nan ragi yake yi. Fari-fari bai kai fari ba. Mun gudu daga jirgin wasa don kada a rage wa Baba daraja, sai mu dawo mu ce masa aikinsa bai kai jirgi ba?

Malam Na-Gwale:
Jirgi-jirgai, Hajiya. Kunne ne bai saba ba. Kuma ai gaskiya ce bai kai jirgi ba, ko akwai wanda zai hau? Harshe ba ya yi wa kowa kara, abin da yake shi yake faɗa. Na daɗe ina riƙe da wannan tsarin, na sha ba wa ɗalibaina gida-gida da gada-gada a madadin irin na masu zanen gini.

Ɗan Kwari:
Gada-gada kuma, Malam? Ai wannan tana da mai ita a kasuwa.

Ɗan Yauri:
Ni ciwona daban ne. Shekara 12 ina zaune a Fagge, kuma kullum haka ake yi, in za a yanke wa kalma hukunci sai Kanawa su zauna su kaɗai su gama. Maganar jirgi ake tun safe, ba wanda ya ce bari a tambayi mutanen bakin kogi. Mu mun tashi muna kallon masassaƙa suna fafe gungume har ya zama jirgi, mun ga yadda ake toshe ɓula, mun san kowane sashe yana da suna a bakin masunta da 'yan fito. Kano wane ruwa gare ta banda kududdufai? Madatsar ruwan Tiga ma sai 1974 aka gama ta. Wallahi abin yana min zafi, kamar mu Hausarmu ba ta shiga lissafi.

Malam Na-Gwale:
Ɗana, ba wanda ya ƙwace muku komai. Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, wannan ba ni na yi ba, haka na tarar. In kuma tsufan jirgi ne abin taƙama, ba a Yauri yake ba. A Dufuna ta jihar Yobe wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya, aka tono shi a 1994, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Babu wanda ya girme shi a Afirka.

Ɗan Yauri:
Dufuna ai ba Kano ba ce, Malam.

Ɗan Kwari:
Ni ma ina da magana, da girmamawa. An ce samfur aro ce. Ku koma saƙon Anti na farko ku ƙirga: benci, fenti, gam, kafinta, rediyo. Malam da kansa ya ce "injin ƙira". Don me tawa kaɗai za a kora? Mu 'yan kasuwa mu muke yawo da Hausar nan har Kwatano da Yamai, amma in an zo zaman kalma sai a ce ba mu yi karatunta ba.

Malam Na-Gwale:
Aro inda babu ba laifi ba ne. Aro inda akwai lalaci ne. Kuma abin da yake tsorata ni ke nan da 'yan rediyo. Mu mu shekara muna gyara kalma a aji, su a dare ɗaya su saki wata ta shiga kowane gida, shi ke nan ba mai iya janye ta. Shi ya sa na dage, ba don a ce tawa ce ta ci ba.

Maijidda:
Malam, na ji, kuma wannan tsoron ne ya kawo ni nan maimakon in rubuta abin da ya zo min. Yaya na Yauri, kai ma ka yi gaskiya, ban yi tunanin tambayar mutanen kogi ba, ka yafe ni. Amma don Allah yau Laraba, an yi azahar. Ku taimaka min da kalma ɗaya.

Injiniya:
Kafin a rufe, dole in gyara maganata, don na sake karanta siffar da kika bayar. Mai dalma a ƙasa, wanda iska take turawa, wataƙila ba kwafin wani babban jirgi ba ne. Akwai irin da aka ƙera don tsere kawai a tafkunan shaƙatawa, kamar Round Pond na lambun Kensington a Landan. A da babu rimot. Mutum zai duba inda iska take, ya saita igiyoyi, ya saki jirgin, sannan ya zaga ta gefe da doguwar gora ya tare shi a ɗaya gaɓar. In saitin ya kuskure, sai dai ya tsaya yana kallo. Duk da cewa tun 1898 masanin lantarki Nikola Tesla ya nuna jirgin da ake juyawa daga nesa a New York, sai can baya abin ya shigo hannun masu sha'awa. Akwai ajin tseren da ake kira Marblehead, daga wani gari a Amurka, tun shekarun 1930, dokarsa tsawon jirgi inci 50. Irin wannan ba ya kwatanta kowa, kansa yake wakilta. Ke nan kwatance ba ta rufe su duka ba.

Malam Na-Gwale:
Kun gani! Jirgi-jirgi ba ruwanta da ko an kwafa ko ba a kwafa ba. Ta rufe su duka.

Auwalu:
To a ce jirgin tafki mana.

Ɗan Yauri:
A'a ƙanena. Ka ce jirgin tafki, masunta a Tiga da Bagauda za su ɗauka nasu kake nufi. In dai dole sai an zaɓa a cikin waɗannan, ta Hajiya ta fi dama-dama, amma ba da son raina ba.

Hajiya Tafinta:
Injiniya, ko na tseren ai siffar jirgi ya kwatanta, ko da ba wani takamaimai ba. A bar jirgin kwatance ta zama uwa, in an buƙaci bambanci a ƙara: na tsere, na ajiya, mai inji, mai rimot. Ba cikakkiya ba ce, na yarda. Amma ba ta zagi kowa ba, kuma tana karɓar ƙari.

Maijidda:
Na dawo. Bayan la'asar na koma gidan Baba. Na same shi a bayan gida, inda magina suka yi kwatamin tara ruwa, ya sa jirgin a ciki ya tsuguna yana kallon inda ruwan ya tsaya a jikinsa. Ya ja layi da fensir. Ya ce gaba ya fi baya nutsewa da kaurin yatsa, sai ya ɗan rage dalma. Bayan ya fito da shi ya zura tsumma a ciki ya zaro, ya nuna min a bushe, yana murmushi. Ya ce a kududdufi ba ya sakinsa, leda da datti sun yi yawa, sai ya tara kuɗin mota ya tafi Tiga.

Na karanta masa ukun. Samfur ya ce shi ba sayarwa yake ba. Jirgi-jirgi, Malam ka yi haƙuri, ya ce ta yi masa kama da waƙar 'yan tashe. Jirgin kwatance ya maimaita ta sau biyu, ya ce, "To, ba laifi." Da na tambaye shi shi me yake ce masa, sai ya dube ni ya ce, "Jirgi."

Ga abin da zan yi. A gabatarwa zan ce jirgin kwatance, in bi ta da jimla ɗaya ta bayani. Daga nan in bar Baba ya yi ta cewa jirgi, ba zan gyara masa ba.

Malam Na-Gwale:
Na ji, amma ban sauka ba. Mai sana'a ya san katako, ba lallai ya san ƙirar kalma ba. Ki yi shirinki 'yata, Allah ya ba da sa'a. A ajina jirgi-jirgi zan ci gaba da koyarwa.

Ɗan Kwari:
A Kwari dai samfur za a ce.

Maijidda:
Na gode muku duka. Saura ɗaya da ta taso yanzu ina rubutu: ƙyallen nan da iska take bugawa. Baba "riga" yake ce masa, na ga wasu sun rubuta filafili, ni kuma na san filafili da abin tuƙi. Wanne zan faɗa?

Ɗan Yauri:
Kada ki rubuta komai tukuna. Ina da kawu a gida da ya tsufa a kan ruwa, bayan isha'i zan kira shi. In layi ya shiga za ki ji ni kafin ki kwanta.