Shawarwari kan direban PWM na manhaja a zuciyar Linux (kernel)

Ga mai son samar da PWM a Linux, wato kunna lantarki da kashe shi da sauri don sarrafa fitila ko inji, shawarar da ta fi rinjaye ita ce a yi amfani da PWM na cikin guntu (chip) idan akwai shi, a koma ga na manhaja sai in babu makawa. Direban pwm-gpio, wanda ya shiga Linux 6.11 a 2024, shi ne na manhaja: yana kunna fil (ƙafar guntu mai fitar da sigina) yana kashe shi ta hrtimer, agogon Linux mai auna lokaci daki-daki, don haka duk jinkirin katsewa (interrupt, wato amsa kiran agogon) yana karkatar da faɗin bugun, wato tsawon lokacin da fil yake a kunne. Fitilar LED tana jure wannan, amma injin servo (ƙaramin inji mai juyawa zuwa wata kusurwa) mai jiran bugun milisakan 1 zuwa 2 a kowane milisakan 20 yakan yi rawa. A kuma guji duk fil da ke bayan I2C (layin sadarwa tsakanin guntu da guntu), domin direban ba ya karɓar fil mai iya barci, wato wanda sai an jira kafin a kunna shi ko a kashe shi.