Shawarwari Kan Lasisin Masu Kawar da Fumfuna a New York

Tun farkon 2016 jihar New York ta Amurka ta wajabta lasisi ga masu duba fumfuna a gidaje da masu kawar da ita, 'yan shekaru bayan guguwar Sandy ta 2012 ta bar gidaje da yawa cikin danshi. Wata shawara da ake bayarwa kan wannan lasisi ita ce kada gwamnati ta ɗauki kuɗin lasisin a matsayin hanyar cika baitulmali, domin albashin jami'an sa ido, da tantance makarantun horarwa, da binciken koke-koken masu gidaje na iya cinye abin da aka tara, musamman a shekarar farko da ake kafa tsarin.

An kuma yi nuni da cewa lasisin na shekara biyu ne, don haka kuɗin shiga yakan hauhawa ya sauka, alhali albashi ba ya jira. Wasu sun gargaɗi hukuma cewa tsawwala kuɗi zai tura ƙananan 'yan kwangila yin aiki a ɓoye, kuma a ganina sun yi gaskiya. Dokar ta hana kamfani ɗaya ya duba gida kuma ya gyara shi, kuma tabbatar da an bi hakan ma yana buƙatar jami'an da za a biya.