Shin ƙarfafawa mai "negatif" ita ce horo?

Ɗaliba, daga Marwa:
Assalamu alaikum. Ina karatun koyarwa a nan Marwa, kuma da Faransanci ake ba mu darasin ilimin halayyar ɗan Adam. Akwai abin da ake kira ƙarfafawa mai "negatif" a koyarwar Skinner, wanda na daɗe ina ɗauka horo ne, har sai da aka soke mini amsa a jarrabawa. Ina roƙon wanda ya fahimce shi ya warware mini da Hausa, domin wata rana iyayen yara zan yi wa bayani.

Tsohon malamin firamare, daga Garwa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kalmar ce ta ruɗe ki, domin "negatif" a nan ɗebewa take nufi kamar a lissafi, ba mugun abu ba. Skinner Ba'amurke ne, kuma a shekarun 1930 ya riƙa sa ɓera cikin akwati mai ɗan maɓalli. Idan ɓeran ya danna ya samu abinci, sai ya ƙara dannawa, wannan ita ce ƙarfafawa ta hanyar ba da abin so. Idan kuma wutar lantarki ce take ɗan cizonsa a ƙafa, dannawar ta tsayar da ita, nan ma zai ƙara dannawa, sai dai a wannan karon an ɗauke masa abin ƙi ne. A duka biyun halin ƙaruwa yake yi. Horo kuwa manufarsa halin ya ragu. Saboda haka ki daina duba ko abin yana da daɗi, ki duba ko halin ya ƙaru ko ya ragu bayansa.

Uwa kuma ma'aikaciyar jinya, daga Ngaundere:
Malam ya yi bayani, amma ni a kasuwa na gane shi. Yaro ya ga alawa ya fasa kuka, uwar ta ji kunyar idon jama'a ta saya masa, nan take ya yi shiru. Yaron ya koyi cewa kuka yana kawo alawa, ita kuma uwar ta koyi cewa saye yana kashe kuka, wato shi an ƙarfafa shi da abin so, ita an ƙarfafa ta da ɗauke abin ƙi, kowa ya horar da ɗan'uwansa ba tare da ya sani ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, uwar da take hanawa yau ta bayar gobe ita ce ta fi shan wahala, domin halin da ake saka wa jefi-jefi ya fi wuyar dusashewa.

Mai fassara, daga Injamena:
Ina da ƙaramin gyara. Hajiya ta ce "ya horar", Malam kuma ya ce "horo", alhali abubuwa biyu suke nufi, domin a Hausa horo yana ɗaukar tarbiyya, yana kuma ɗaukar ladabtarwa. Na fi son a ce "hukunci" ga abin da yake rage hali. Shi ma iri biyu ne: a ɗora wa yaro abin ƙi kamar tsawa, ko a ƙwace masa abin so kamar fita wasan ƙwallo.

Ɗaliba, daga Marwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ke nan idan na yafe wa ɗalibai sharar aji saboda sun zo da wuri, kuma suka ci gaba da sammako, ƙarfafawa na yi, ba hukunci ba. Baba na Garwa, na faɗi daidai?