Yanka silindar makulli don a ga cikinta: kowa ya faɗi yadda ya yi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka taɓa buɗe wa silindar makullin ƙofa taga a gefe, yadda za a riƙa ganin fil-fil ɗin ciki suna motsi in an zura mabuɗi, su ba mu labari. Irin makullin nan ne da Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861 da 1865, har yau kuma shi ne a ƙofofinmu. So nake yaran shagona su gani da idonsu.

Mai yankan mabuɗi, Sabon Gari: Wa'alaikumus salam Malam. Ni tsofaffin silinda na tagulla na tsinto a Ƙofar Ruwa, masu fil biyar. Kafin komai a zare zuciyar, wato ɓangaren tsakiyar nan da mabuɗi ke shiga yana juyawa, a kwashe fil da sifirin, a jera su a faranti bi da bi. Kowane rami akwai fil na ƙasa, fil na sama, sai sifirin. In suka cakuɗe, mabuɗin ya tashi daga aiki.

Mai aikin inji, Sharaɗa: Gaskiyar Baba ce, amma wahalar duk tana wajen zurfin yanka. Ramin fil zagayayye ne, to in ka ci ya kai rabinsa, babu abin da zai riƙe fil ɗin, yana motsawa zai faɗo waje. Ni siririyar tsaga nake buɗewa a kowane rami, daidai yadda ido zai ga inda fil na sama da na ƙasa suka haɗu. Mahaɗar nan ce duk sirrin makullin: sai ta zo daidai da bakin zuciyar a ramukan biyar gaba ɗaya sannan ta juya. Inji na cin tagulla da sauri, saboda haka kaɗan-kaɗan nake saukowa, ina tsayawa ina dubawa.

Ɗalibi, Gwale: Yaya, ni ba ni da inji. Da magagari na yi nawa, sannan na bi da samfefa. Ya ci lokaci, amma ya yi kyau. Sai dai fil na uku yana maƙalewa.

Mai yankan mabuɗi: Kaifin da magagari ya bari ne a bakin ramin, ɗana. Naɗe samfefa siriri ka goge ciki. Kada kuma ka zuba mai, ƙurar hunturu zai tara tunda cikin a buɗe yake. Kankaro garin bakin fensir ka sa masa.